Tsadar Kuben Araha: Inda Masu Yawo da Bindiga a Amurka ke Ɓata Lissafi

A daren 28 ga Nuwamba, 2008, Plaxico Burress ya shiga wani gidan rawa a Manhattan, tsakiyar birnin New York, da bindiga ƙirar Glock soke a ƙugun wandonsa. A farkon wannan shekarar shi ne ya cafke ƙwallon da ta ba ƙungiyarsa ta New York Giants kofin Super Bowl, wato gasa mafi girma ta ƙwallon Amurkawa, saboda haka babu lungun da ba a san fuskarsa ba a birnin. Yana cikin tafiya sai bindigar ta sulale, ta kama gangarawa ta ƙafar wando. Ya kai hannu ya damƙe ta don kada ta faɗi, yatsa ya sauka a kan kunama, harsashi ya ratsa cinyarsa ta dama. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Sai dai lasisin da ya taɓa samu a jihar Florida ya riga ya ƙare, kuma ko da bai ƙare ba jihar New York ba ta amincewa da shi. A 2009 ya amsa laifinsa aka yanke masa ɗaurin shekara biyu, bai fito ba sai a tsakiyar 2011.

An yi ta tsegumi a kan wannan labari ta fuskar doka da ta wasa, amma abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa ƙarami ne ƙwarai. Mutumin da ke karɓar miliyoyin daloli a shekara ya fita da bindiga ɗane ba tare da kube ba, alhali kube mai kyau bai kai kuɗin takalmin da ke ƙafarsa ba. Bindigar ba ta yi laifi ba, ta yi abin da aka ƙera ta domin ta yi: an danna kunama, ta tashi. Abin da ya rasa shi ne gidan da zai riƙe ta a wuri ɗaya, ya kuma rufe kunamarta ruf.

Wannan kuskure, da sauran 'yan'uwansa, ya zama ruwan dare a ƙasar da miliyoyin mutane ke fita kullum da ƙaramar bindiga a ɓoye ƙarƙashin riga. Kasuwa ta koya musu cewa jin daɗin ɗaukar bindiga yana cikin ƙanƙantarta, su kuwa tsofaffin malaman harbi sun koya musu cewa neman jin daɗi ragwanci ne. Dukkan ɓangarorin biyu sun ɓatar da mai saye, kuma ɓatan nan na zubar da jini, sau da yawa jinin wanda bai san hawa ba balle sauka.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san yadda aka zo nan. Shekaru arba'in da suka wuce, yawancin jihohin Amurka ko dai sun haramta ɓoye bindiga a jiki, ko sun bar wa shugaban 'yan sanda ikon ba wanda ya ga dama. Florida ce ta buɗe ƙofa da ƙarfi a 1987, da dokar da ta wajabta a ba duk wanda ya cika sharuɗɗa lasisi. Jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har Illinois, wadda ita ce ta ƙarshe, ta miƙa wuya a 2013 bayan kotun tarayya ta tilasta mata. Ranar 23 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka fi sani da Bruen, ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya nuna wani dalili na musamman kafin a ba shi lasisi. Alƙalai shida suka goyi bayan hukuncin, uku suka ƙi, Clarence Thomas ya rubuta shi. A ɗaya ɓangaren kuma wata guguwar ta taso, ta soke lasisin baki ɗaya. Vermont dama ba ta taɓa nemansa ba, Alaska ta bi ta a 2003, Arizona a 2010, Texas a 2021, kuma zuwa 2024 jihohi 29 ne ke barin baligi ya ɓoye bindiga a jikinsa ba tare da wata takarda ba. Masu riƙe da lasisi kaɗai sun haura miliyan 20, ban da waɗanda ba sa bukatarsa.

Mai karatu da ke Nijeriya ya lura cewa zancen na Amurka ne zalla. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, fistol da libarba suna cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake mallakarsu.

Ma'anar duk wannan ita ce, a fiye da rabin jihohin Amurka, babu wani aji da mutum zai zauna, babu jarrabawar da zai ci, kafin ya ɗaura makami ya shiga kasuwa. Malaminsa na farko, sau da yawa kuma na ƙarshe, shi ne mai kanti. Mai kanti kuwa ciniki ya fito yi.

Abin da ya fi tafiya a kantin shi ne ƙanana. A 2008 kamfanin Ruger ya fito da LCP, 'yar bindigar da nauyinta bai wuce giram 270 ba, tana shiga aljihun wando kamar wayar salula. A 2018 SIG Sauer ya fito da P365, wadda ta girgiza kasuwa domin ta ɗauki harsashi goma na milimita 9 a jikin da faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, nauyinta kimanin rabin kilo. Sauran kamfanoni suka yi rububin kwaikwayo. A gefensu, Glock 19, wadda ta fito tun 1988 kuma ta daɗe tana zama ma'aunin matsakaiciyar bindiga, mai harsashi goma sha biyar da nauyin kusan giram 670 kafin a loda ta, sai ta koma kamar tabarya. Mai saye ya ɗauki wannan a tafin hannu, ya ɗauki waccan, ya auna, ya zaɓi mara nauyi. A tsaye a gaban kanta, zaɓin nasa babu aibi.

Aibin yana bayyana ne a filin koyon harbi, ga wanda ya je. Idan harsashi ya fita ta gaba, bindiga tana shuri ta baya, kuma ƙarfin shurin yana da alaƙa kai tsaye da nauyinta. A zuba harsashi iri ɗaya a bindigogi biyu, ɗaya ta ninka ɗaya nauyi, to mara nauyin za ta zaburo baya da saurin da ya ninka na mai nauyin. Wannan lissafin ɗan sakandare ne, babu tallar da za ta sauya shi. Ga kuma gajartar mariƙi, wanda kan bar ƙaramin yatsa yana reto a iska, ta yadda hannu ba shi da isasshen wurin da zai danne wannan shuri. Ga gajartar tazara tsakanin saitin gaba da na baya, wadda ke sa 'yar karkacewar da ido bai gani ba ta zama kuskure mai faɗi a nesa. Sakamakon shi ne bindigar da ke da daɗin ɗauka tana da zafin harbawa. Wanda tafin hannunsa ya yi tsami bayan harsashi ashirin ba zai dawo mako mai zuwa ba. Wanda bai dawo ba bai iya ba. Wanda bai iya ba kuwa, ranar da ya zare makaminsa a wurin ajiye motoci cike da jama'a, kowane harsashi da ya kuskure sai ya sami masauki a wani wuri.

Mata ne wannan yaudara ta fi ci. Akwai wata tsohuwar al'ada a kantunan bindiga, cewa da zarar mace ta shigo sai a miƙo mata 'yar libarba mai harsashi biyar, a ce ai wannan ba ta da rikitarwa, wani lokaci har da mariƙi ruwan hoda. Irin wannan libarba, wadda Smith & Wesson ke ƙerawa tun 1950, samfurinta na alminiyam bai fi giram 400 da 'yan kai ba, amma kafin kunamarta ta saki sai yatsa ya ja da ƙarfin da ya kai kilo biyar ko fiye. Wato ana so mutum ya riƙe abu mara nauyi cak, ba motsi, yayin da yatsa ɗaya ke jan abin da ya ninka nauyinsa sau goma. Ƙwararru da kansu suna ɗaukar wannan a matsayin bindiga mafi wuyar iyawa. Ita ake ba sabuwar shiga, domin mai kanti ya ƙaddara cewa mace ba za ta iya ɗana fistol ba, kuma bai ɓata minti biyar ya nuna mata dabarar ba. Raini ne aka naɗe shi da sunan tausayi.

A ɗaya gefen akwai tsofaffin hannu, masu wata magana da ake dangantawa ga Clint Smith, mai makarantar harbi ta Thunder Ranch, wadda ma'anarta ita ce an yi bindiga ne domin ta kwantar da hankali, ba domin ta yi wa jiki daɗi ba. Maganar na da armashi a baki, kuma ta yi daidai da halin mutanen da ke ganin wahala ita ce shaidar jarumta. Amma ta yi watsi da ɗan Adam yadda yake. Mutumin da ƙarfe ke sukar kwankwasonsa tun safe, yana tuƙi yana mutsu-mutsu, yana zaune a ofis gumi na cin fatarsa, ba zai jure ba don wani malami ya ce ya jure. Zai yi ɗaya daga cikin abubuwa uku. Ko ya riƙa kai hannu yana gyara ta, ko ya cire ta ya ajiye, ko ya mayar da ita jaka. Kowanne daga cikin ukun nan ƙofar musiba ce.

A ɗauki na biyu. Ina ake ajiye bindigar da ta gundure mai ita da tsakar rana? A mota, a cikin aljihun gaba ko ƙarƙashin kujera. Ƙungiyar Everytown, wadda ke fafutukar tsaurara dokokin makamai, ta tattara alƙaluman hukumar FBI daga ɗaruruwan birane ta gano cewa a 2022 an kai rahoton sace bindigogi kusan 112,000, fiye da rabinsu daga cikin motoci, kimanin guda a kowane minti tara. Shekara goma kafin nan, kason mota kimanin kwata ne. Ana iya tuhumar ƙungiyar da son ranta, amma 'yan sandan biranen kudu irin su Memphis sun daɗe suna wannan kuka. Gaskiya ne wani ɓangare na laifin yana kan wuraren da doka ta hana shiga da makami, kamar kotu da gidan waya, inda dole mutum ya bar ta a waje. Amma wani ɓangaren na kuben da ke cizo ne. Bindigar da aka saya don kare iyali ta ƙare a hannun ɗan daba, saboda mai ita ya yi tsimin kuɗin kube.

Na uku ya fi ɗaci. A ƙarshen Disamba, 2014, a wani babban kanti a jihar Idaho, wata uwa ta ajiye jakar hannunta a cikin keken sayayya, kusa da ɗanta mai shekara biyu. Jakar irin wadda aka ɗinka musamman don ɓoye bindiga ce, da aljihunta mai zif. Yaron ya buɗe, ya zura hannu, harsashi ɗaya ya kashe mahaifiyarsa nan take. Tana da lasisi, ta saba da makami, ba ta karya wata doka ba. Jaka dai ba jiki ba ce. Ana ajiye ta, ana mantawa da ita, ana fizge ta, kuma duk daƙiƙar da ta bar kafaɗa makamin ya fita daga ikon mai shi. Tufafin mata da yawa ba su da wurin bel, wannan matsala ce ta gaske, kuma masana'antar ta daɗe tana amsa ta da jakunkuna masu ado maimakon ta yi aikin ƙera abin da zai zauna a jikin mace.

Saboda haka jin daɗi ba shagwaɓa ba ce. Sharaɗi ne na aminci, domin shi ke sa bindiga ta zauna inda aka sa ta daga safe har dare, ba a taɓa ta ba. Kuskuren kasuwa shi ne inda take nuna wa mutane su nemo shi. Tana cewa a rage bindiga, alhali mafi yawan daɗin ɗauka yana cikin bel da kube.

Bel tukuna, tunda shi ne kowa ke mantawa da shi. Bel ɗin ado mai laushi, da an rataya masa ƙarfe mai kusan kilo ɗaya, sai ya lanƙwashe, mariƙin bindiga ya karkato waje, wando ya zazzago ta gefe ɗaya. Mai shi sai ya ƙara tamke shi har ya shaƙe cikinsa, sannan ya ce bindigar ce ta yi nauyi. Bel mai tauri, na fata ninki biyu ko mai ƙarfafaffen ciki, yana raba nauyin ne a kewayen ƙugu gaba ɗaya, kamar yadda gammo ke raba nauyin tulu a ka. Mutane da yawa da suka sayar da matsakaiciyar bindiga suka koma ƙarama, bel kawai suke bukata.

Akwai kuma abin da sabon shiga ba ya ganewa sai an nuna masa: ba tsawon bututu ne ke tona asirin bindiga a ƙarƙashin riga ba. Bututu yana cikin wando, ba mai ganinsa. Mariƙi ne ke turo riga, musamman idan mutum ya sunkuya. Hasali ma bututu mai ɗan tsawo yana taimakawa, domin yana tokare da jiki daga ƙasa ya hana saman bindigar kifowa waje ta kan bel, abin da gajerun bindigogi suka shahara da shi. Shi ya sa masu ƙera kube na zamani ke ƙara wani ɗan fiffike da ke danna bel daga ciki ya juyo da mariƙi zuwa ga jiki, da kuma 'yar matashiya ta soso a ƙasan kube wadda ke karkato da saman bindigar ciki, ta kuma hana bakinta sukar tsoka. Waɗannan tarkace ba su kai kuɗin kwalin harsashi ɗaya ba, amma suna ɓoye matsakaiciyar bindiga fiye da yadda kuben banza ke ɓoye ƙarama.

Shi kuben kansa aikinsa na farko, wanda duk sauran ke bayansa, shi ne ya rufe kunama da abu mai tauri ta kowane gefe. Dalilin yana cikin yadda bindigogin yau suke. Tun da Glock ta shigo a farkon shekarun 1980, yawancin fistol da ake sayarwa ba su da maɓallin kullewa na waje da za a ture da babban yatsa. Suna da makullai na ciki da ke hana su tashi idan sun faɗi ƙasa, amma dukkansu suna buɗewa ne da zarar an ja kunama, kuma jan bai fi na kilo biyu da rabi ba. Bindiga ba ta san bambancin yatsa da mukullin mota, ko bakin riga, ko igiyar rigar sanyi ba. A irin wannan ƙira, kube shi ne makullin. Wanda ya sayi bindigar ya bar kuben ya sayi rabin na'ura ne.

Nan ne kuben araha ke cin amanar mai shi. Wanda aka fi gani rataye kusa da teburin biyan kuɗi shi ne na yadin nailan mai laushi, da rubutu a jikinsa cewa yana ɗaukar kowace irin bindiga. Abin da ya dace da kowace bindiga bai dace da ko ɗaya ba. Ana iya danna kunama ta bayan yadinsa. Ba ya riƙe bindigar idan mutum ya ruga ko ya faɗi. Mafi muni, da an zare ta sai bakinsa ya rufe, ta yadda mayar da ita sai an sa ɗaya hannun an buɗe, wato sai bakin bindiga ya bi ta kan yatsun mai ita. Fata mai kyau ba ta da wannan matsala, kuma tana da tarihi mai daraja: kuben cikin wando da Bruce Nelson, jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi a California, ya tsara tun shekarun 1960, wanda kamfanin Milt Sparks ya yaɗa, yana da ƙarfafaffen baki da ba ya rufewa. Sai dai fata tana tsufa, tana shan gumi, tana laushi, kuma idan gefenta ya lanƙwasa zai iya shiga zoben kunama. Wajibi ne a riƙa duba ta. Robar Kydex, wadda ake gasawa a matse ta a jikin samfurin bindiga guda, ba ta da kyan gani kuma ba ta da taushi, amma tana riƙe siffarta, kuma idan bindiga ta zauna daram sai a ji ƙas.

Ko a cikin masu tsada akwai ƙirar da ta saɓa wa hankali. Wani nau'in kube yana da maɓallin saki a gefe, wanda ake dannawa da manuniya yayin zarewa. A natse babu matsala. A firgice kuwa, yatsan da ke dannawa ciki da ƙarfi yana ci gaba da dannawa bayan bindigar ta fito, kuma inda yake sauka shi ne kan kunama. An samu raunuka a cinya da ƙafa da suka isa su sa makarantun harbi da dama hana shiga da shi.

Sannan sai wurin ɗaurawa, wanda a kansa ake tafka musu kamar na 'yan ƙwallo. Tsohon wuri shi ne bayan ƙashin kwankwaso, ta ɓangaren hannun da mutum ya fi amfani da shi. Sabon yayi shi ne gaba, gefen cibiya. Masu son gaba suna da hujjoji masu ƙarfi: an fi saurin zarewa, ana iya kaiwa gare ta a zaune cikin mota da bel ɗin kujera, kuma tana gaban idon mai ita, ba mai lallaɓowa ta baya ya zare. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne inda bakin bindigar ke kallo, wato matsematsi da babbar jijiyar jini ta cinya, wadda idan ta fashe mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Kuskuren da a bayan kwankwaso zai bar tabo a ɗuwawu, a gaba yana iya zama ajali. Wannan bai haramta ɗaurin gaba ba, amma ya sa ya zama na wanda ya horu, ba na wanda ya gani a YouTube daren jiya ba. Ɗaurin tsakiyar baya kuwa, a kan ƙashin gadon baya, ba shi da mai kare shi: wanda ya faɗi rigingine a kan ƙarfe ya san abin da ya tarar. Na idon sawu yana da nisa, na hammata kuma bakinsa na kallon duk wanda ke tsaye a baya.

Lokacin da ya fi kowane haɗari a rayuwar mai ɗaukar bindiga ba lokacin zarewa ba ne, domin mafi yawansu har su mutu ba za su zare ta a kan kowa ba. Lokacin mayarwa ne, da lokacin cirewa a shiga bayi, da lokacin sauya wando. Nan ne hannu ke taɓa ta, nan ne riga ke shiga inda bai kamata ba. Kube mai kyau yana ba da damar a cire shi da bindigar a ciki, a ajiye, a mayar, ba tare da kunama ta ga haske ba ko sau ɗaya. Babu kuma gasar saurin mayarwa. Malaman kirki suna koyar da a duba da ido, a kawar da riga, a tura a hankali, in an ji turjiya a tsaya.

Masu kare ƙananan bindigogi suna da amsa guda da suke ji da ita: ƙaramar da ke aljihu ta fi babbar da aka bari a gida. Wannan gaskiya ne idan tambayar ita ce wa ke da makami a hannu. Amma amsar ta ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai, alhali na ukun, wato matsakaiciya a kan bel mai tauri cikin kuben da aka ƙera dominta, shi ne wanda ba a gwada ba. Akwai mutanen da ƙarama ce kaɗai mafita gare su, saboda irin tufafin aikinsu ko girman jikinsu. Waɗannan sun ɗauki bashi ne, kuma biyansa shi ne horon da ya ninka na kowa. Matsalar ita ce kasuwa tana sayar da ƙarama ga mutanen da suka fi kowa ƙarancin niyyar yin horo.

Musun girman harsashi, wanda ke cinye rabin hirar kanti, bai cancanci dogon zance ba. Bayan artabun Miami na Afrilu 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, hukumar ta guje wa milimita 9 ta koma manyan harsasai. Bayan kusan shekara talatin ta dawo gare shi, bisa hujjar cewa harsasan zamani sun inganta, kuma jami'anta sun fi samun abin da suka saita da wanda shurinsa bai yi yawa ba. Hukumar da ta fi kowa kuɗin gwaji ta gano cewa iya sarrafa makami ya fi girman raminsa.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan girma, wadda mai kanti ba zai taɓa yi ba: shin ya kamata wannan mutum ya ɗauki bindiga ma kuwa? Masana ba su daina jayayya ba. John Lott ya yi suna da littafinsa na 1998 mai cewa yawan bindigogi na rage laifi. John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa, a binciken da suka buga a 2019, sun ce jihohin da suka sassauta dokar sun ga munanan laifuka sun fi abin da ake tsammani da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Kuma cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su suka kashe kansu. Mai saurin fushi, da mai shan giya, da wanda baƙin ciki ya yi wa katutu, babu kuben da zai gyara lissafinsu. Amma kotu ta riga ta yi hukunci, majalisun jihohi sun yi nasu, miliyoyi suna ɗauka ko an so ko an ƙi. Wanda ke tsaye a layi bayan ɗayansu a kantin magani yana da haƙƙi a kan ingancin abin da ke riƙe da wannan ƙarfe.

Doka kuwa a yawancin jihohi ta yi shiru a nan. New York, bayan hukuncin Bruen, ta wajabta awa 16 a aji da awa biyu a filin harbi. Illinois na neman awa 16. Jihohin da suka soke lasisi ba sa neman ko minti ɗaya. Texas ta ce wanda zai fito da bindigarsa a fili sai ta kasance cikin kube, amma ba ta fayyace abin da ya cancanci wannan suna ba. 'Yan majalisar da suka yi ta jawabi a kan 'yanci ba su ga dacewar ƙara layi ɗaya da zai ce a rufe kunama ba, su kuma kamfanonin da ke saka kwaɗon kullewa a cikin kowane kwalin bindiga yawancinsu ba sa saka kube.

Gwajin kube ba ya bukatar ƙwararre. A cire gidan harsashi, a tabbatar da ido da yatsa cewa babu komai a ciki, a kai harsasan wani ɗaki. A zura bindigar a kube, a gwada taɓa kunama ta kowace kusurwa. Idan an iya, kuben ya faɗi. A kifa shi a kan katifa a ɗan girgiza. Idan ta zube, ya faɗi. A ɗaura shi, a zare ta, a duba ko bakinsa ya tsaya a buɗe, kuma ko ya biyo bindigar ya fito daga wando. Sannan a yini da shi a gida, a zauna, a sunkuya, a ɗaure takalmi, a shiga mota. Tsofaffin masu ɗauka a Amurka kusan kowannensu na da aljihun tebur ko kwali cike da kuben da ya saya ya watsar kafin ya dace da ɗaya, kuma idan aka haɗa kuɗinsu sau da yawa sun kai na wata bindigar.